Kan Jirgi Mai Fuska Biyu

Yayana, Allah ya jiƙansa da rahama, makanike ne a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. Ni kuwa sana'ata kwafar littattafai da hannu a wata rumfa kusa da kasuwar Kurmi. Gida ɗaya muke a Jakara, kowa da iyalinsa. A gidan akwai wani soro na ciki da ba a shiga da takalmi, ba don ana salla a ciki ba, sai don a nan jirginsa yake.

Jirgin wasa ne, amma ba a faɗin haka a gabansa. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar musu ƙaramin dogon da taragu, shi da abokinsa, wani direban jirgi mutumin Gabas da ke zaune a Sabon Gari. Suka shimfiɗa dogon a kan tsofaffin ƙyaure biyu, suka yi tasha biyu da gwangwanin madara, suka gina tudun yumɓu a tsakiya suka ce Goron Dutse ne. Batirin mota ke ba shi wuta. Duk Lahadi bayan la'asar Direba zai jingine kekensa a zaure ya shigo yana kirana.

"Malam, ajiye alƙalamin nan ka zo ka tofa mana addu'a. Injin nan ya tsufa kamar yayanka."

"Inji lafiyarsa ƙalau," in ji Yaya. "Direban ne dai har yau ana neman wanda ya ba shi lasin."

Ba da wasa suke wasan ba. A babban dogo, inda layi ɗaya ne tsakanin tasha da tasha, direba ba ya tashi sai an damƙa masa wata sandar ƙarfe. Muddin tana hannunsa, hanyar tasa ce, ba a sakin wani jirgi sai ya isa ya miƙa ta. Su ma suka yanki ɗan guntun tagulla kamar tsawon yatsa, suka ce ita ce sandar hanyarsu.

Wata Lahadi tsohon kan jirgin, mai siffar na kwal, ya tsaya cik a bayan tudun. Direba ya duba, ya ce sai ya tafi da shi gida ya kwance. Ya naɗe shi a hankici, ya zana alli daidai inda ya tsaya. Yaya ya miƙa hannu ya ce a ba shi sanda.

"A kan me? Jirgina ya iso tasharka ne?" Direba ya dafa aljihun rigarsa. "Lahadi in ɗora shi a kan allin nan, in ƙaraso, sannan ka karɓi kayanka."

Kafin Lahadin gari ya rikice, aka far wa mutanen Gabas. Ba zan tsawaita a kan abin da ya faru ba, waɗanda suka gani sun sani. Da aka samu hanya Yaya ya fita ta Ƙofar Mata har Sabon Gari. Ya tarar da ɗakin Direba a buɗe, ba kowa, ba keke. Wani ya ce ya ga Direba a tasha cikin masu tafiya. Wani ya ce ba shi ba ne. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Sai yaƙin basasa ya zo ya zauna. A cikinsa idanun Yaya suka fara yana, har aka sallame shi daga aiki. Ya koma wuni a soron, yana shafa dogo da tsumma, taragu suna jere ba abin da zai ja su. Matarsa ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ɗan'uwanka fa ƙarewa yake. Ka sa ya ga abin nan yana tafiya ko sau ɗaya, tun idon na gani."

Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini kantin wani Balarabe a wajen gari, wanda yake da ragowar irin waɗannan kaya tun kafin su daina shigowa. Na yanki guntun alƙalami daidai faɗin dogon don awo. Na sha wuya kafin Yaya ya yarda ya bi ni.

Kawuna uku mai kantin ya fito da su, duk masu siffar na dizal, kwalayensu sun yi ƙura. Na ɗora awona a tsakanin ƙafafun na farko, ya fi dogonmu faɗi, aka mayar. Na biyu ja ne gajere, ni shi ya burge ni. Yaya ya kawo shi dab da idonsa, ya jujjuya.

"Wannan na jera taragu ne a cikin tasha. Ba ya tafiya mai nisa. Ga shi ba nauyi, a hawan dutse zai yi ta murza ƙafa a banza."

"Yaya, dutsen naka fa bai kai tudun murhu ba."

"Kai da ba ka san gaban jirgi da bayansa ba."

Na ukun kore ne, dogo, mai nauyi a hannu. Yaya ya bi shi da yatsa, ya ƙirga ƙafafu, ya murza su ya saurara. Da yatsan ya kai ƙarshe sai ya tsaya, ya koma ɗaya ƙarshen. Ɗakin direba biyu ne da shi, gaba da baya.

"Irin wannan aka fara koya wa Direba," ya ce a hankali. "Ya ce mini ba ya bukatar a juya shi. In ya kai inda za shi, direba ya sauya kujera kawai ya dawo."

Shi muka ɗauka. A hanya har yana yi mini bayanin man dizal, na ce a raina Alhamdulillahi, an dace.

Da muka isa soro ya ɗora shi a ɗan layin gefe na tasharsa, ya haɗa waya. Injin ya yi gunji ƙasa-ƙasa, ya motsa kamar taƙi ɗaya, har bakin babban layi. Sai Yaya ya yanke wutar.

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Ba sanda."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Washegari na je wurin wani maƙerin farfaru a unguwarmu, ya yanko mini tagulla irin waccan sak. Na kawo na sa masa a tafin hannu. Ya shafa ta, ya miƙo mini abata.

"Sanda biyu a layi ɗaya, haka ake kashe mutane. Akwai jirgi a hanya."

Na zauna na kawo masa duk abin da na karanta. Na ce larura tana da hukuncinta, na ce ko wanda ya ɓata akwai lokacin da shari'a ke yanke jiransa. Ya bar ni har na gama.

"Malam, ka san ya mutu? In ka sani faɗa mini yanzu, in yi kukana, in goge allin, in saki layi."

Na buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma da ita zai ga jirginsa yana zagaya dutse. Amma ban sani ba, shi ma ya san ban sani ba. Na mayar da tagullar aljihu.

Da yaƙi ya ƙare mutanen Gabas suka fara dawowa. Duk ranar da jirgin kudu zai iso nakan riƙe hannun Yaya mu je tasha. A lokacin inuwa kawai yake gani, sai ya karkata kai yana sauraron muryoyin masu sauka. Mun tambayi tsofaffin abokan aiki da suka dawo, kowa ya girgiza kai. Kafin damina ta biyu idon ya rufe gaba ɗaya. Bai daina sa wa injin mai ba, kuma yakan ce in duba ko allin ya dushe in sabunta.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ce in kunna musu su gani. Na haɗa wayar da hannuna, koren ya motsa har bakin babban layi. Tagullar maƙeri tana aljihuna. Na dubi allin da ke bayan tudun, na yanke wutar.