Kifin da Ke Saman Sif

Shekara ashirin da biyar ke nan da aka binne aminiyata Tebora a wata maƙabarta ta kudancin Landan. Amma idan na tuna ta, ba fuskarta nake fara gani ba. Abin da ke fara zuwa mini shi ne wasu gwangwanaye uku na biskit, kowanne an naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa an ɗaure da igiya, an jera su a saman sif ɗin kayanta. Su idona ya fara sauka a kai ranar da na shiga ɗakin da za mu zauna tare, a masaukin ɗaliban aikin jinya da ke kusa da Whitechapel. Ɗakin yana ɗan tashin ƙarni, ko da yake a tsaftace yake tas.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya buɗe mana ƙofofi. Jiharmu ta turo ni koyon aikin ungozoma, na sauka da akwati ɗaya na atamfa da yaji da kuka da daddawa, ɗaya kuma rabinsa ƙananan littattafan soyayya ne da nake saya a kasuwar Sabon Gari. A cikinsu na koyi duniya. Duk macen da ta yi shiru a cikinsu, wani saurayi take tunani. Duk abin da aka ɓoye, kyautar masoyi ce. Don haka da na ga wannan baƙar yarinya mai gashi har gadon baya, wadda ta ce mini daga wani tsibiri take a tsakiyar Tekun Pasifik, nan take na gama rubuta mata labari a raina. Na ba ta saurayi masunci, dogo, mai kwale-kwale. Duk bayan 'yan watanni sabon gwangwani zai iso ta gidan waya. Ta kwance wasiƙar da ke maƙale a bayansa, ta karanta sau biyu, ta hau kujera ta ɗora gwangwanin a kan 'yan uwansa ba tare da ta buɗe ba. Ni kuwa ina kan gadona ina jin daɗin tausayinta.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi. A wajenmu tsarabar gida ta kowa ce. Idan kilishi ya zo mini, kafin na ɗanɗana na miƙa mata. Ta iya cin tuwo da hannu kafin wata uku, har tana neman ƙarin yaji. Amma nata ko sau ɗaya ba ta ce mini bismilla ba. Da na matsa na tambaya, ta ce busasshen kifi ne, ta canza magana. Wata rana na ce rowa ce, wata rana na ce amanar masoyi ce. A ƙarshe na zaɓi ta biyun, don ta fi daɗin tunani.

Ni na haɗa ta da Bitrus, wani ɗan Jos da ke karatun injiniya, mai dariya kamar ana kwankwasa ƙofa. A tunanina na warkar da ita daga masuncin da bai taɓa wanzuwa ba. Suka yi aure a coci, suka kama flat a Catford, gwangwanayen suka bi ta. Bitrus yakan tsokane ni: "Yaya Asabe, kin aura mini mata da kishiyoyi bakwai a saman sif, kowacce da ƙamshinta." Sai ta yi murmushi kawai, duk da Hausarta a lokacin ta kai ta gane.

Shekara biyu ba ta samu ciki ba, sai daga baya na san cewa ita ce ba ta so. Da ya samu kuma, laulayi ya kayar da ita. Komai ta ci sai ya dawo. Wata Asabar da hantsi na je duba ta, Bitrus ya tare ni a ƙofa zai fita aiki, ya ce, "Likita ya ce idan ta ƙara kwana biyu haka za a yi admitting ɗinta. Ki yi mata dabararku ta mata." Na same ta kwance, ta zama kamar tsinke.

Abin da na sani game da mai ciki, daga gida na kawo shi: abincin garinsu take so, ko da bakinta bai faɗa ba. Haka na ga an yi wa yayyena. Da barci ya ɗauke ta, na hau kujera na sauko da sabon gwangwanin da ya zo a makon. Na yanke igiyar. Kifi ne fari, an tsaga shi an busar da gishiri, an shimfiɗa shi a kan ganye da irin kulawar da uwa kaɗai take yi. Na jiƙa shi, na gyara, na kaɗa miyar kuka da daddawa, na tuƙa tuwon shinkafa. Ina yi ina tsara yadda za ta rungume ni tana kuka, kamar a shafin ƙarshe na littafi.

Ta ci. Ta cinye malmala ɗaya ta nemi ƙari, bai kuma dawo ba. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta jingina da bango ta lumshe ido.

"Asabe, a ina kika samo kifin nan? Kamar na gida."

"Ai na gidan ne," na ce, ina washe baki.

Ta buɗe ido ta dubi saman sif. Ban taɓa ganin fuska ta mutu a gabana haka ba. Ta rarrafa banɗaki ta zura yatsa a maƙogwaro, amma cikin da kwana goma yake mayar da komai, ranar ya ƙi. Ta zauna a ƙasa dafe da mararta, a nan ta ba ni labarin da ba ya cikin kowane littafi nawa.

Tana ƙarama iyayenta suna aikin gonar kwakwa a tsibirin, sai sojojin Turawa suka zo gwada bam ɗin nukiliya a sararin tekunsu. Aka tara su a fili, aka raba musu barguna, aka ce su juya wa teku baya su rufe ido. Ta ce ta danne idonta da tafukanta a ƙarƙashin bargo, amma da hasken ya zo sai da ta ga ƙasusuwan yatsunta. Bayan haka tsuntsaye suka riƙa karo da itatuwa don sun makance, kifaye suka yi ta fitowa gaɓa a mace. Ba wanda ya ce musu kada su ci, ba kuma wanda ya ce su ci. Mahaifiyarta ta haihu sau biyu bayan wannan, ba a nuna wa yaran gida ko ɗaya ba, aka binne su. Sai da ta zo Landan ta zauna a aji ta ji malami yana bayanin yadda irin wannan guba ke shiga ruwa, ta shiga kifi, ta zauna a jikin mutum, sannan ta haɗa wannan da wancan. Gwangwanayen daga mahaifiyarta suke. Ba za ta iya ci ba, ba kuma za ta iya zubar da abin da tsohuwa ta tsaga da hannunta ba.

"To su can me suke ci?" na tambaye ta. Ban san me ya sa wannan ce tambayar da ta fito ba.

"Shi suke ci. Me kuma gare su?"

Saura wata shida ta haihu. A cikin wata shidan nan ba ta yi mini magana ba. Idan na buga waya Bitrus ne ke ɗauka, ya ce tana hutawa. Na tare likitoci uku a asibitin da nake koyon aiki, na tambaye su ko cin abu sau ɗaya zai iya taɓa ɗan da ke ciki. Ɗaya ya ce da wuya. Ɗaya ya ce ya danganta da inda aka kama kifin. Na ukun ya tambaye ni a ina tsibirin yake.  Na yi azumi, na yi sadaka, na kulle littattafaina a akwati don na ji kunyarsu.

Ranar da naƙuda ta kama ta, ita da kanta ta ce a kira ni. Ina isa an riga an yanke cibiya. Ba ta yarda ta kalli jaririyar ba. Ta juya fuska ga bango ta ce, "Ke ki duba. Ki ƙirga." Na kwance zanin, na ƙirga yatsun hannu, na ƙirga na ƙafa, na duba baki da kunne da gadon baya, na sake farowa. Na ce, "Lafiyarta ƙalau." Ta ce na rantse. Na rantse. Sai a lokacin ta miƙo hannu. Suka sa wa yarinyar sunana. Har yau ban san ko yafiya ce wannan ba, ko kuwa hanya ce ta ɗaure ni da yarinyar don in yi ta kallonta tare da ita. Mun yi ta kallon nata kuwa. Zazzaɓi kaɗan, sai mu haɗa ido a kan gadonta.

Ga inda kaina ke kullewa. Tebora, wadda tun da ta bar gida ba ta ƙara sa kifin tekunsu a baki ba sai wannan rana ɗaya, kansar jini ce ta ɗauke ta tana da shekara hamsin da 'yan kai. Mahaifiyarta, wadda ta ci shi safe da yamma duk rayuwarta, sai da ta ga mutuwar 'yarta, ta ƙara shekaru a bayanta. Likitocin da suka yi jinyar Tebora sun ce ba za su iya cewa hasken ne ba, ba kuma za su iya cewa ba shi ba ne. Na yi aikin ungozoma shekara talatin, na saba da abin da ake aunawa a rubuta. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa auna mini shi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Titin Old Kent Road da muka sani babu inda za ka sayi barkono mai kirki, yanzu busasshen kifi katon-katon ne a ƙofar shagunan 'yan Najeriya. Ina jin da ta tsaya ta tambayi mai shago daga wane ruwa aka kamo shi, shi kuma ya ɗauka wasa take. Yanzu a waya kana iya ganin hoton gajimaren da bam ɗin ke tayarwa, mai kama da laimar kwaɗi, da kala, har yara na sa shi a wasanninsu. Tsofaffin sojojin da aka kai can nakan gan su a talabijin suna neman a saurare su. Mutanen tsibirin kuwa ba safai ake nuna su ba, sai idan ana maganar teku na cinye musu ƙasa. Ban san ko za ta ji daɗi an fara magana ba, ko za ta kashe talabijin ɗin. Na zauna da ita shekara ashirin da wani abu, amma tun daga ranar miyar kuka na daina yarda da abin da nake zato game da zuciyarta.

Takwarata yanzu ta kusa hamsin. Malama ce a wata makarantar firamare, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Tana da shekara talatin aka yi mata aikin maƙoƙo, likita ya ce ana samun irinsa a ko'ina. Ta yi aure, ba ta haihu ba. Ta taɓa ce mini ta girma tana ganin yadda uwarta ke kallonta, ba ta so ta kalli wani haka.

Bara, bayan rasuwar Bitrus, ta shirya za ta je tsibirin karo na farko. Ana gobe za ta tashi ta zo yi mini sallama, na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba zan faɗa ba. Na gaya mata komai, tun daga hawa kujera har yanke igiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ai ta sani tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Ta ce uwarta ta gaya mata cewa tun da ta zo Ingila ba ta taɓa cin abinci mai daɗin na wannan rana ba, kuma shi ya sa ta kasa kallona wata shida. Na juya wannan magana ta kowace fuska, ban gama gane ta ba.

Ta yi wata guda a can. 'Yan uwan uwarta suka yi ta ajiye mata kifi a gaba, ta ce ta dubi fuskokinsu ta kasa cewa a'a, ta ci kullum. Ta dawo da ƙiba da hasken fata, tana dariya irin ta ubanta. Ta ajiye mini tsaraba a kan tebur, gwangwanin biskit a naɗe da takarda, ta ce wata 'yar uwar mahaifiyarta ce ta tsaga kifin da hannunta, wai a kai wa matar da ta ciyar da Tebora.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Yana saman sif ɗina. Duk ranar Asabar takwarata kan bugo waya ta tambaye ni ko na buɗe, ni kuma in ce mata ina jiran a kawo mini kuka mai kyau daga Kano.