Rakiyar Baba Issoufou

Duk wanda ya taɓa kawo mahaifinsa New York ya san abin da muke yi wa tsofaffinmu, faɗa ne dai ba a yi. Mutum zai shekara biyu yana nema wa uban biza, ya je ya ɗauko shi a filin jirgi da motar da aka wanke musamman, ya haye da shi bene hawa na shida, ya ajiye shi a doguwar kujera, ya kunna masa talabijin. Shi ke nan, baƙo ya sauka. Sati biyun farko na masu sannu da zuwa ne, kuma dole su same shi a gida. Sati biyun ƙarshe na masu kawo saƙo ne: ga takalmi a kai wa ƙanwata a Kaduna, ga maganin gwiwa a kai wa gwaggo a Maraɗi. Su ma dole su same shi a gida. Ranar tafiya tsoho ya koma da ƙiba a jiki da kayan mutane a akwati, in aka tambaye shi yaya Amurka, ya ce akwai shinkafa. Mu kuma muna nan muna cewa mun girmama shi.

Mutum ɗaya na sani a garin nan da abin ya ci wa rai har ya tashi tsaye a kai, shi ne Baba Issoufou, maƙwabcina a Park Hill, cikin tsibirin Staten Island. Ɗakinsa ne a ƙarƙashin nawa.

Mutumin Madawa ne ta Nijar. Ya zo a casa'in da ɗaya, ya kafa tebur a titin 125 na Harlem yana sayar da huluna da tabarau. Da hukuma ta tashi masu tebur daga titin, yawancin 'yan uwansa suka koma kasuwar da aka killace musu. Shi ya ce ba ya iya wuni cikin shinge. Sai ya kama aikin kai takardu da ƙananan kaya tsakanin ofisoshin da ke kudancin Manhattan, a ƙafa, shekara ashirin da huɗu. Kullum safe ya hau bas zuwa bakin ruwa, ya shiga feri, wato babban jirgin ruwan nan mai launin lemo da ke ƙetarawa da mutanen Staten Island kyauta, da yamma ya dawo a cikinsa. Da ya yi ritaya, 'yarsa Ikram ta saya masa kujera mai tausa. Na shiga ɗakin jiya, wankakkun kaya ne a kanta.

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, kuma Talata da Alhamis yana fita da duk tsohon da ya samu ya kuɓutar. Dokokinsa kaɗan ne. Ba sabon takalmi. Ba babbar riga, don iskar kan ruwa ta taɓa yi wa wani alhaji abin da har yau ba a maimaita shi a gabansa. A zo da gorar ruwa. Sauran kuwa nasa ne: ya san kowane benci mai inuwa, ya san banɗakin da ke da tsabta, ya san inda za a yi alwala ba a yi ta kallon mutum ba. Yakan fara da feri, sannan tsohuwar tashar jiragen ruwa ta South Street inda wani tsohon jirgi mai dogayen sanduna yake ɗaure, sai lungunan da aka shimfiɗe da duwatsu, sai maƙabartar baƙaƙen fata ta zamanin bauta, inda yakan tsaya ya yi addu'a ko da wa yake tare. Mai sauran ƙarfi su ƙetare gadar Brooklyn a ƙafa. Turancinsa na karatu bai yi nisa ba, amma duk allon tarihin da ke yankin, wani mai gadi ya taɓa karanta masa shi, kuma ya riƙe.

Bara a watan Yuni Filomina, nas ce da ke zaune a Grand Concourse ta unguwar Bronx, ta kawo mahaifinta, Malam Rwang, daga Bukuru. Dogon mutum, shekara saba'in da huɗu, wanda har yanzu kullum yake hawa dutse zuwa gonarsa ta dankali. Shekara talatin da biyar yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Tashoshin jiragen ruwa na duniya yakan jero su da ka, amma bai taɓa ganin teku ba, ko Legas bai je ba. Abu ɗaya ya roƙi 'yarsa tun a waya: ta kai shi ya ga bakin ruwan New York. Ta ce in an gama gaishe-gaishe. Ta manna takarda a jikin firij, kowace rana da sunan masu zuwa da lokacinsu.

Baba Issoufou ya je tasa gaisuwar a sati na biyu, don Filomina ta taɓa jinyar matarsa. Bayan an gama tambayar mutanen gida sai ya ce, "Malam, mi ka gani cikin garin?"

"Wancan benen," in ji Malam Rwang, ya nuna taga. "Yana da tagogi tamanin da huɗu. Akwai wata mata a hawa na biyar da ke shanya tawul kore."

Nan suka tsayar da Asabar. A takardar firij, ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Park Hill ce za ta zo ranar, ƙarfe huɗu na yamma. Suka ce su fita ƙarfe goma, su dawo kafin uku. Abin da ba su sani ba, Shamshon, shugaban ƙungiyar, yana da aikin yamma, ya dawo da lokacin zuwa ƙarfe ɗaya, ya bar wa Filomina saƙo a waya tana bakin aiki. Kuma tun da aka kafa ƙungiyar nan, ranar ce kaɗai muka fita a kan lokaci.

Mu goma sha ɗaya muka sauko daga feri a tashar Manhattan, da kuloli biyu, ɗaya a hannuna. Sai ga Baba Issoufou a bakin ƙofar shiga da wani dogon dattijo sanye da kwat da takalmin kambas. Shamshon ya gane shi daga hoto.

"Baba, ai wurinka za mu."

"To ga shi," in ji Baba Issoufou. "Allah ya rage muku hanya. Ku gaisa."

"A tasha? A tsaye?" Shamshon ya dubi mutanen da ke ture mu suna wucewa. "Baba Issoufou, kai babba ne. Ina aka taɓa yi wa dattijo sannu da zuwa a bakin hanya? In labari ya kai Bukuru me za a ce da mu?"

"Bon, to ku juyo mu shiga jirgin. Akwai kujeru, akwai iska. Ku gaishe shi zaune."

"Abincin fa? A cinya za a ci tuwo?"

"Ciyaman, minti ashirin da biyar ne. Mutumin nan shekara talatin da biyar shina koya wa ɗiyan mutane ruwan ga. Ga shi bayan gilas."

"Ruwa ba gudu zai yi ba. Mu mun bar ayyukanmu."

Malam Rwang yana kallo ta gilashin ƙofar, inda ake hango gefen jirgin da ɗan tsagin ruwa mai launin toka. Aka buɗe ƙofa, jama'a suka fara shiga. Sai ya juyo ya ce a hankali, "Ba komai, mu koma. Mutane sun taso saboda ni."

Haka muka juya da shi. Taku talatin ya rage tsakaninsa da abin da ya zo gani, muka saka shi a gaba muka sauka ƙarƙashin ƙasa, muka yi kusan awa ɗaya a jirgi mai lamba huɗu, don kawai mu zaunar da shi a kujerar da ya gudo daga kanta mu tambaye shi ya gajiyar hanya. Ni da bakina bai taɓa gajiya ba, ranar ban ce uffan ba, kula nake riƙe da ita. A falon Shamshon ya yi jawabin minti ashirin, yawancinsa a kan girman birnin New York da irin abubuwan kallon da Allah ya zuba a cikinsa. Malam Rwang yana ta gyaɗa kai. Baba Issoufou bai biyo mu ba, a tashar muka bar shi.

Washegari ya kira Filomina. Ta ba shi haƙuri, ta ce takarda ta cika har ranar tafiya, masu saƙo sun fara zuwa, kuma ita tana tsoron hawan jinin baban. Baban da ke hawa dutse da buhun taki a kafaɗa. Kwana shida suka rage.

"To rubuta ni," in ji shi. "Ni ma ina da saƙo."

Ta rubuta shi Alhamis, ƙarfe tara na safe, gaban wasu mutum uku. Ranar tana gida, ta ɗauki hutu don haɗa akwatuna. Abin da ya faru daga nan, daga bakin Filomina da na Baba Issoufou na ji, kuma bai saɓa ba.

Baba Issoufou ya zo tara daidai. Ya miƙa ƙullin ganyen shayi a kai wa wani wanda har yau ban tabbata akwai shi ba. Ya gaisa, ya sha ruwa, minti biyar ya miƙe. Malam Rwang ma ya miƙe ya ce, "Bari in taka masa." Filomina ta ƙyale shi. Baƙo ya zo gidanka tun daga wani tsibiri, ka raka shi, wannan ko Shamshon ba zai yi jawabi a kai ba. Ta dai lura cewa uban ya sa kambas, amma hannunta na cikin akwati.

To kowa ya san yadda rakiya take a wurinmu. Mai gida ba ya tsayawa da kansa. Baƙo ne zai juyo ya ce, ka koma haka nan, na gode, a yi ɗan ja-in-ja, a rabu. Baba Issoufou kuwa bai faɗa ba. Suka sauka a lifta, bai faɗa ba. Suka kai kwana, yana ba da labarin farashin albasa a Madawa. Suka kai tashar jirgi, ya wuce gaba, Malam Rwang ya bi shi. Mutum mai tarbiyya ba ya yar da baƙonsa a tsakiyar hanya.

Sha ɗaya saura suna kan feri, a waje, ta ɓangaren dama. Baba Issoufou ya ce minti goman farko dattijon ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana shaƙar iska. Sannan ya fara tambaya kamar mai jarrabawa. Wancan tsibirin fa? Nan ne baƙin da suka zo ta ruwa suke fara sauka a da. Waɗancan dogayen ƙarafan? Na sauke kwantena ne, can New Jersey ke nan. Suka wuce koren mutum-mutumin matar nan mai riƙe da fitila, ya dube ta sau ɗaya ya ce ta fi ƙanƙanta a kan yadda ya zata. Abin da ya tsayar da shi wani ɗan ƙaramin jirgi ne da ke tura wani dogon kwale-kwalen ƙarfe wanda ya ninka shi sau goma. Ya bi shi da ido har ya ɓace. Da feshin ruwa ya taɓa masa leɓe, ya lasa ya ce, "Da gaske akwai gishiri. Na sha ba yara maki a kan wannan, ni kuwa a littafi na gani."

Suna isa Staten Island wayar Malam Rwang ta yi ƙara, Filomina ce.

"Baba, kana ina? Mutane biyu na jiranka."

"Rakiya nake yi."

"Rakiya har yanzu? Ƙarar me nake ji?"

"Tsuntsaye ne. Farare. Ki ba masu jira ruwa, ina zuwa."

Sai kuma wata matsalar ta taso. Yanzu an iso unguwar Baba Issoufou, Malam Rwang ya zama shi ne baƙo, kuma ba a barin baƙo ya koma shi kaɗai. Dole aka raka shi. Suka sake ƙetare ruwan, wannan karon ta ɓangaren da ake hango babbar gadar mashigar teku. Hanyar komawa Bronx kuma, a lissafin Baba Issoufou, ta bi ta South Street, ta lungunan duwatsu, ta maƙabarta, har tsakiyar gadar Brooklyn. A nan ne Baba Issoufou ya nemi benci, ba Malam ba.

Biyar da rabi suka buga ƙofa. Masu saƙo uku sun gaji sun tafi, sun bar ledojinsu da fushinsu.

"Baba, tun ƙarfe tara?"

"Bai ce in koma ba," in ji Malam Rwang. Ya zauna ya cire kambas, ya ce a kawo ruwan zafi a roba da abinci na mutum biyu.

Ranar Asabar ya tashi zuwa gida. A taron ƙungiya na gaba Shamshon ya kawo maganar a ƙarƙashin abin da ya kira wasa da al'ada. Mutanen da suka juyar da dattijo daga bakin ruwa don a ci tuwo a falo, su ne suka zauna suna tattauna rashin kunyar wanda ya kai shi. Wannan karon na yi magana, har aka ce in zauna sau biyu. Bai hana su cire lambar Baba Issoufou daga zauren wayar da ake sanar da zuwan baƙi ba. Shi ko a jikinsa, a masallaci da wurin mai aski yake jin wanda ya sauka.

Abin da ya canza ɗaya ne. Yanzu duk gidan da ya shiga gaisuwa, da ya miƙe sai ka ga ɗan gidan ya yi wuf ya ce, "Baba, yi zamanka, ni zan raka shi." Na tambaye shi ko abin yana ɓata masa rai.

Ya ce, "A'a. Su ma ba su ga garin ba. Makon jiya na kai wani likita har gadar Brooklyn, shina ta duba agogo."