Munduwar da aka karanta mana

Bayan babbar yunwa ne, soja sun karɓi mulki, ba a kai ga fari na biyu ba. A shekarar aka kawo mana sabon mushe lakwal, wato malamin makarantar boko, can wajen Allakaye. Bayan la'asar yakan zauna gindin gawo da littafin Faransanci, yana juya mana shi da Hausa. Ni ban san baƙi ba, amma labari in an taɓa ba ni, ya zauna.

Labarin wata baiwa ne da aka sa wa munduwar tagulla a ƙafa, zamanin da masu raƙuma ke mulkin ƙasar nan. Ya yi mini daɗi, ba na musu. Ranar da ta zagi uwargijiyarta har guɗa na yi. Amma kullum in na tashi gabana faɗuwa yake, don innata na zuwa saurare, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin idon sawunta na hagu a buɗe ba. Daga wani gari muka taso, ba wanda ya san asalinmu. Ga ɗana an kai masa goron neman aure gidan da ke ƙirga kakanni. Gwaggon yarinyar da yake nema ma ba ta fashin zuwa.

Ranar ƙarshe mushe ya karanta cewa maƙeri ya yanke munduwar, baiwar ta zura a guje har garinsu. Mata suka ɗau tafi. Sai inna ta yi tsaki.

"Mushe, wanda ya rubuta wannan bai gani ba. Ƙafar ba ta gudu. Ta saba da nauyi, tashi take sama ita kaɗai, mutum ya faɗi."

Mushe ya yi dariya. "Inna, ai ƙagagge ne."

Gwaggon yarinya ba ta yi dariya ba. Ta matso, murya ƙasa ƙasa: "Ikon Allah. Inna, ke a ina kika gani?"

Na ce, "Tashi mu tafi, inna, hura na jira." Muna tafiya ina jin idanu a ƙafarta.

Ba a yi mana faɗa ba. Gaisuwa ce ta gajarce, kafin kaka aka maido goro.

Har yau ban iya tsine wa littafin ba, ban kuma yafe masa ba. Inna ta rasu, mushe ma an ce ya rasu. Saura ni, da ɗana da ya zauna Madawa, da gwaggon nan, mai gaishe ni kowace Juma'a.