Ƙarar da Baba Garba Bai Ji Ba

Ban taɓa mantawa da wata Talata a garejin Baba Garba Rewaya da ke Ƙofar Ruwa ba, a daminar shekarar 1999, bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina aji biyu a kwalejin fasaha, an turo ni horon sanin makamar aiki na wata huɗu. Ga wanda bai san tsarin ba, ɗalibi yakan zauna ƙarƙashin mai sana'a, ya yi abin da aka sa shi, ya rubuta abin da ya koya. Ni ba mai yawan magana ba ne, kullum kaina na kan littafi, shi ya sa 'yan garejin suka laƙaba mini Magatakarda.

Aikin Baba Garba gyaran wayar mota ne, amma da kunne ya yi suna. Idan aka turo motar da ta ƙi tashi, ba ya taɓa komai sai ya sa an murɗa makulli ya saurara. Ƙara uku ya koya mana. Idan aka ji ƙar-ƙar-ƙar da sauri, batir ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. Idan aka ji ƙas sau ɗaya sannan shiru, wuta ta isa salanoid, wato ɗan makunnin da ke bisa kik, don haka ciwon yana cikin kik ɗin, wanda shi ne ke juya inji har ya kama. Idan kuwa shiru ne gaba ɗaya, wutar ba ta taho ba, sai a koma wajen makulli da wayoyinsa.

Tun makonnin farko na lura da wasu abubuwa. Rediyon Baba kullum ƙara masa murya ake yi. Idan aka yi sallama ta bayansa ba ya amsawa. In an kira salla, sai ya ga mutane sun ɗauki buta sannan ya miƙe. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Litinin aka turo a-kori-kurar Alhaji Mudi, wani mai fataucin goro daga Jakara, jikinta duk hotunan 'yan takara da ruwan sama ya fara ɓarewa. Habu, babban ma'aikacin garejin, ya shiga ya murɗa makulli. Ina tsaye kusa da bonet, na ji ƙas, ƙarama ƙwarai. Baba ya karkata kai, ya jira, sannan ya ce shiru ne, a canza gidan makulli. Muka yini muna kwance sitiyari muna haɗa sabo. Da la'asar aka murɗa, mota ta ƙi.

Talata da hantsi Alhaji ya dawo ransa a ɓace. Ya ce goronsa na jibge a shago yana jiran a kai shi ƙauye, goro kuwa ba ya jira. Masu fenti da masu walda na layin suka fara matsowa. A gabansu ya ce shekara ashirin bai kai mota wani wuri ba, amma idan ta gagara a faɗa masa gaskiya, ya sa a ja ta zuwa wani sabon gareji da ke bayan layi.

A sana'armu, a ja mota daga gabanka a kai wa wani ba ƙaramin abu ba ne. Kafin azahar duk Ƙofar Ruwa ta ji, kuma daga ranar sai a fara cewa hannun wane ya tsufa. Na dubi Baba. Ya sake sa Habu ya murɗa, ya kai kunnensa dab da inji. Ƙas ɗin ta sake fita, fuskarsa ba ta nuna ya ji komai ba.

Idan na ce masa akwai ƙara, daidai yake da in yi shela cewa kunnen da aka san shi da shi ya tafi. Idan kuma na yi shiru, za a ja motar. Sai na tuna wani shafi da na taɓa karantawa, na matsa kusa da shi yadda zai ga bakina.

“Baba, na karanta wai ana jin bugun salanoid da hannu. Ban san inda ake ɗora hannun ba. Ko za ka nuna mini?”

Alhaji ya yi tsaki. “Magatakarda, ka bari a gama da tawa sannan ku buɗe makarantarku.”

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Daga nan ya kama hannuna, ya zura shi ta gefen inji, ya ɗora bisa salanoid, ya sa yatsunsa kusa da nawa. Ya ce wa Habu ya murɗa. Abin ya buga a ƙarƙashin yatsunmu kamar an ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Na ji hannun Baba ya ƙame. Ya ce a sake. Abin ya sake bugawa.

Bayan haka aikin ya tafi a tsare. Ya sa aka kunna fitilun gaba aka murɗa makulli; haskensu bai ragu ba, alamar batir lafiya yake kuma kik ba ya jan wuta. Ya ɗauki sifana, ya ce Habu ya riƙe makullin a murɗe, ya ɗan doki jikin kik sau biyu. Inji ya juya ya kama. Da muka kwance kik ɗin, burushinsa, wato 'yan gawayin da ke kai wuta ciki, sun cinye saura ƙiris. Muka sa sababbi. Baba ya faɗa wa Alhaji a gaban kowa cewa jiya ya yi kuskure, makullinsa lafiya lau yake, kuma ya sa muka mayar da tsohon. Alhaji ya huce, har ya ce dama ya san motar ba za ta fita daga nan sai da ƙafarta. Ya miƙa wa Baba goro fari guda biyu ya tafi.

Bayan sallar azahar Baba ya kira ni ƙarƙashin rumfa, inda babu kowa. Ya ɓare goro ɗaya ya ba ni rabi.

“Tun jiya ka ji ta ko?”

Na ce e, a hankali, sannan na tuna na gyaɗa kai.

Ya ce shekara arba'in yana zaune tsakanin gudumar masu gyaran jikin mota, dole wata rana ta karɓi nata a kunnensa. Ya ce ko a gida bai faɗa ba. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce amin, ya ce in je in ci abinci.

Washegari aka turo wata tasi. Baba ya ɗora hannu a kan kik, ya kira ni da ƙarfi yadda kowa zai ji: “Magatakarda, zo nan. Faɗi abin da ka ji, mu gani ko karatun yana shiga.” Na tsaya a gabansa na faɗa. Ya ce madalla, ka fara iyawa. Haka muka yi har horona ya ƙare, mutanen layi suna yaba yadda yake tsananta wa ɗalibi. Kafin in tafi ya fara kiran Habu ya tsaya a wurin, kuma na ga Habu bai tambayi dalili ba.

Yau ni ke koyar da masu tasowa, kuma ga abin da nake faɗa musu. Kada ku kwance komai sai kun tabbatar da inda wuta ta tsaya, ku tabbatar ta hanya fiye da ɗaya, domin kunne yana gajiya, ido ma haka. Idan kuma kuka riga babba ganin abu, ku nemi yadda zai kai hannunsa a kai da kansa. Motar za ta tashi ko ta wace hanya, amma shi gobe zai dawo ya zauna a layin nan cikin mutane.