Wa Ke Ciyar da Ferdl?

Kawuna Korbinian a kan rufin gidajen mutane ya yi rayuwarsa. Sharar bututun hayaƙi ce sana'arsa tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, kuma babu gida a ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Bavariya, da bai leƙa cikinsa ta sama ba. Ya san mai ƙona ɗanyen itace saboda rowa, ya san mai cusa tsofaffin takalma a murhu. A wajenmu gamuwa da mai sharar bututu sa'a ce, duk wanda ya gan shi a hanya sai ya taɓa maɓallin baƙar rigarsa. Mata sun yi ta taɓa maɓallan Kawu har suka koɗe, kowace ta kwashi sa'arta ta je ta auri wani. Shi kuwa ya tsufa da karnuka uku.

Biyu manya ne. Akwai Birka, karyar farauta mai kunya kamar baƙuwa, da Tasso, tsohon karen makiyaya wanda ƙashi da gashi suka cinye wurin da ya kamata ƙwaƙwalwa ta zauna. Na ukun shi ne Ferdl, dakel, irin ɗan karen nan namu mai dogon jiki da ƙafafu kamar an fara yin su aka manta ba a ƙarasa ba. Kakanninsa ramin yanyawa suke kutsawa. Shi Ferdl, a lokacin da nake ba da labari, ko ƙarƙashin kujera ya shiga sai an jawo shi.

Kawu yana auna masa abinci da ɗan kofi, a gaban kowa, yana ɗaga kofin sama kamar mai rantsuwa. Amma Ferdl sai ƙara faɗi yake, su Birka kuwa haƙarƙari a waje. Kawu ya daɗe da yanke hukunci a kan wannan: Notburga ce, maƙwabciyarsa, matar marigayi mai gidan burodi, ita ke jefo wa Ferdl sosej, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, ta kan shinge.

Don haka kowace safiya sai ya wanke fuska, ya taje gashin baki, ya sa rigarsa mai kyau, ya je bakin shinge ya yi rigima.

"Maƙwabciya, kin tashi lafiya? Jiya me kika ba shi?"

"Lafiya lau, Sarkin Kunkunniya. Gasasshen alade na ba shi guda, ya ce in gaishe ka."

"Ki dai ci gaba. Ranar da ya fashe, a gonarki zan binne shi."

"Ka binne shi kusa da kabeji, ƙasar wurin tana son taki. Wai kai wa ya ce maka ina da sosej ɗin ɓarnatarwa a kan wannan matashin kai mai kunnuwa?"

Haka za su yi ta yi har kofin da ke hannunta ya huce. A ƙauyenmu namiji ba ya shiga gidan matar da mijinta ya mutu sai da dalili, in kuwa ya shiga, kafin ya fito an riga an raɗa wa 'ya'yansu suna a shagon mahauci. Amma ƙorafi a bakin shinge halas ne. Ko limamin coci ba zai ce komai ba.

Wata shekara da kaka na zo daga birnin Munik na sauka a gidan Kawu, a nan na ga abin da idona. Da safe ya zuba wa Birka da Tasso nasu a manyan kwanoni a tsakar gida, ya zuba wa Ferdl ɗan kofinsa. Ferdl ya lashe nasa kafin manyan su gama sunsuna nasu. Sai ya daskare, ya ɗaga kunne ɗaya, ya zabura zuwa ƙofar gida yana haushi kamar an zo sace garin. Tasso ya bar kwano ya bi shi da ruri, Birka ma ta bi don kada a ce ba ta yi komai ba. Suna kaiwa ƙofa, Ferdl ya sulale ta tsakanin ƙafafunsu ya dawo a guje, cikinsa na sharar ƙasa. Kafin su gama yi wa iska barazana ya kwashe rabin na Tasso, ya tsince naman da ke cikin na Birka, ya koma ya kwanta kusa da ɗan kwanonsa da fuskar maraya.

Na juya in kira Kawu, sai na gan shi tsaye a taga yana kallo, yana murmushi irin na uban da ɗansa ya ci jarrabawa.

"Kawu, ashe ka sani."

"Na san me?"

"Karenka ɓarawo ne, ba ruwan Notburga."

"Afra, ke 'yar birni ce. Wannan ɗan abin da ya tsinta ba zai sa kare ya yi irin wannan ƙiba ba. Akwai hannun mutum." Ya ajiye kofi ya ɗauki matajin gashin baki.

Da ba don bayan Ferdl ba, da har yau a nan ake. Wata safiya ya zo hawa matakala sai ya yi ƙara, ƙafafunsa na baya suka ƙi bin umarni. Muka naɗe shi a bargo zuwa wurin likitar dabbobi, Dakta Rottmoser, mace ce da ba ta iya lallashi ba. Ta lalluba ƙashin bayansa, ta ɗora shi a sikeli, ta dubi Kawu ta saman tabarau.

"Wannan karon zai tashi. In bai rage wannan kitsen ba, na gaba ba zai tashi ba, sai dai ka ja shi a keke ko in yi masa allurar barci. Wa ke ba shi abinci?"

Kawu ya buɗe baki, na ga sunan Notburga ya zo har kan harshensa. Sai ya dubi Ferdl da ke rawar jiki a kan tebur, ya haɗiye.

"Shi ke ba kansa," in ji shi.

Ba za a ce Kawu bai yi ƙoƙari ba. Ya kulle Ferdl a ɗakin girki lokacin cin abinci, Ferdl ya koyi tura ƙofar da hanci. Ya sa sakata, sai Ferdl ya dinga kuka irin na wanda ake yankawa, Birka kuma ta ƙi cin abinci, ta bar masa kwanonta har a buɗe shi. Ya ɗora kwanonin manyan a kan benci, sai ga Ferdl yana shirin tsalle, abin da likita ta hana da babbar murya. Tasso kuwa duk ƙashin da ya samu sai ya je ya binne a wuri ɗaya, Ferdl na zaune yana kallonsa kamar mai ajiya a banki, yana ba da baya ya je ya tone. Da muka koma, sikeli bai motsa ba.

"Muddin akwai kwanon wani kare a gidan, wannan ba zai rame ba," in ji likita. "Ya fi ka wayo, kada ka ji haushi. Ka samo gidan da babu kare, ya riƙa wuni can, ya ci can."

Ni a Munik a hawa na huɗu nake zaune, ba na'urar hawa. A layin Kawu kuma gida ɗaya ne tak babu kare: na Notburga.

Ya yi kwanaki bai je bakin shinge ba. Yana zaune yana shafa kunnen Ferdl, gashin bakinsa a hargitse. Ni dai na san ba neman gafara ne ke ba shi tsoro ba. In ya faɗi gaskiya, dalilin zuwa bakin shinge ya mutu, kuma mutumin da ya yi shekaru yana rigima da mace don ya ga fuskarta bai tanadi wata magana ta biyu ba.

Ranar da Ferdl ya sake turjewa a bakin matakala, Kawu ya ɗauke shi a hammata, ya wuce shinge, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Na bi shi da ɗan kofin awo.

Notburga ta buɗe, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ya fashe ne? Ka zo da shebur?"

"Maƙwabciya, so nake ki riƙa ba shi abinci."

"Sake faɗi, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

"Ki riƙa ba shi abinci. A gidanki. Kofi ɗaya safe, ɗaya yamma. Likita ce ta ce."

"Wato abin da ka yi shekaru kana cewa ina yi, yau shi ka zo roƙo."

"Ba ke ba ce. Na su Tasso yake sacewa."

"Ai na sani. Tagar ɗakin girkina tsakar gidanka take kallo, Sarkin Kunkunniya. Shi nake kallo, da kai a taga kana washe baki."

Kawu ya yi ja har wuya. Ta gindaya sharuɗɗa: shi zai kawo karen da kansa, ya goge ƙafa kafin ya shigo, kuma ranar Lahadi bayan coci ya tsaya a teburin dattawa a gidan giya, inda ya saba ɓata mata suna, ya wanke ta.

Da ya fita na tsaya na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa tona shi ba.

"Tun da mai gidana ya rasu, kowa sai 'sannu Notburga, ya haƙuri,' da murya ƙasa-ƙasa kamar ni ce gawar," in ji ta. "Kawunki kaɗai ke zagina kamar mai rai. Miƙo kofin nan."

Ranar Lahadi Kawu ya miƙe a teburin dattawa, ya gyara murya, ya ce bayan dogon bincike ya gano cewa laifin Tasso ne, domin wawa ne. Mahaucin garin ya ce su ma sun daɗe da gano wawa a gidan, ba su dai san sunansa Tasso ba. Notburga ta ji labari ta ce rabin wanki ne, amma ta karɓa.

Ferdl ya rame, ba da son ransa ba. Notburga ta yi shekaru tana auna gari a gidan burodi, ko ƙwaya ba ta ƙarawa, kuma duk haushin da zai yi a bakin ƙofa ba ta ko ɗaga kai daga saƙarta. Kafin bazara ƙugunsa ya fito, yana hawa matakala da kansa, likita ta ce bayan zai kai shi tsufa. Tasso ya yi ƙiba, har yau bai san dalili ba.

A shagon mahauci an ɗaura wa Kawu da Notburga aure da baki an kuma raba su ba adadi. Ba su yi ba. Zuwana na ƙarshe na tarar da su a ɗakin girkinta, Kawu zaune da safa, takalmansa a waje, yana lalluba haƙarƙarin Ferdl.

"Maƙwabciya, yunwa za ki kashe min kare da ita. Dubi nan, ƙashi ne zalla."

"Cire hannunka daga aljihu, Korbinian," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Tun daga ƙofa na ji ƙanshin sosej ɗin."