Malam Datti da Bututun Motar Hajiya Ikilima

Idan aka sallame sallar asuba a Rano, Malam Datti makanike ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai ƙosai, ya wuce garejinsa da ke bakin hanyar Kibiya, ya share gindin darbejiya da kansa, sannan ya zauna kan tsohuwar taya yana sauraron motocin da ke wucewa. Daga kukan inji yake gane wadda za ta dawo wurinsa kafin la'asar. Haka muka taso muka gan shi. Yanzu ido ya soma gajiya, ya ce bayan babbar salla zai ajiye sifana. Bai kamata ya tashi ba a ce masa komai ba.

Direbobi suna da labaran gwanintarsa jibgi. Ni wanda na gani da idona zan faɗa, kuma lokaci ne da kai ya ɗaure masa.

Hajiya Ikilima ta Durba mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar motar kaya. Da ita take ciyar da marayu, da ita kuma mu masu noman rani muke kai tumatir kasuwa. Ana tsakar ɗiba, direbanta Murtala ya kauce wa saniya, ya daki kututture. Abin da ya fashe shi ne intakula. Yadda Malam Datti ya yi mini bayani, injin yana da turbo mai ɗura masa iska, iskar takan ɗau zafi, sai ta ratsa ta intakula, wani abu mai kama da lagireto, ta huce kafin ta shiga. An nema har Kano ba a sami irin nata ba. Malam Datti ya samo na wata babbar mota wurin 'yan gwangwan, ya yi masa mazauni. Saura bututun da zai haɗa su.

Hajiya ta tambaye shi, "Malam, wane iri za a sa?"

Ya ce, "Hajiya, ban sani ba. Ban taɓa haɗa irin wannan da hannuna ba."

In Malam Datti bai sani ba, wa ya sani?

Nan fa kowa ya zama gwani. Murtala ya rantse cewa faɗi shi ne ƙarfi, aka sa na ƙarfe mai inci uku. Mota ta tashi, amma in an taka totur sai ta yi jim kamar mai tunani kafin ta amsa, kuma a gargadar farko nauyin ƙarfen ya fizge mahaɗa. Aka koma siriri. Nan take ta riƙa zabura, muka yi murna, sai da aka loda kaya aka zo hawan tudu, ta shaƙe tana aman baƙin hayaƙi. Wani mai gyaran famfo ya kawo farin fayif na roba, ya ce ba nauyi ba tsatsa. Malam Datti ya daɗe yana jujjuya shi, ya ce a gwada, amma a nan gareji. Inji na yin zafi robar ta yi laushi, ta kumbura, ta fashe da ƙarar da ta sa Murtala ya ruga ya bar takalminsa.

Murtala ya dawo yana haki. "Baba, babba bai yi ba, ƙarami bai yi ba, ƙarfe bai yi ba, roba ba ta yi ba. To me take so?"

"Abin da nake tambayarta ke nan," in ji Malam Datti.

A fadama kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Hajiya ta zo ta zauna kan benci. "Malam, in ba za ta yi ba, ka gaya mini gaskiya."

"Ba zan ce za ta yi ba, ba zan ce ba za ta yi ba. Amma kada ki jingina tumatirin mutane da zatona." Ya bar aikin, ya hau babur har Lausu, ya roƙo wani direba ya kwashe abin da aka ɗiba. Duk da haka wasu kwanduna sun ruɓe, har da nawa.

Da ya dawo sai ya daina jin shawara. Ya auna bakin turbo da bakin intakula da zare, ya nemo bututun goran ruwa, wato alminiyon, mai inci biyu da rabi, ya rage lanƙwashe-lanƙwashe, ya sa guntayen tiyo masu kauri a mahaɗa saboda girgizar inji, ya sa mai walda ya tayar da leɓe a bakin kowane bututu don kada tiyon ya sulɓe. Aka loda kaya, shi ma ya shiga gaba. Ya ce in za ta tsaya, ta tsaya da shi. Ta haye hawan nan ba tari.

Na tambaye shi dalili. Ya ce goran ruwa ba nauyi, ba tsatsa, yana saurin sakin zafi. Wannan ya tabbata. "Batun faɗin kuwa, rabi na gane, rabi sa'a ce." Har yau ni ko rabin ban gane ba.

Malam Datti, mai kunnen inji, kai ne ka ce "ban sani ba" a gaban jama'a, ranar da ƙarya za ta fi maka sauƙi. Kai ne ka fi damuwa da tumatirinmu a kan sunanka. Mun gode. Marayun Durba sun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun ya zama na lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sifana bayansa, da mu duka masu sana'a: ranar da kai ya ɗaure, a faɗa wa mai kaya tun kayansa ba su ruɓe ba.