Carbin da ke Rataye a Kan Ƙusa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Yusha'u mai gyaran rediyo na Unguwar Kanawa. Har yau ban dawo daidai ba.

Yaya, shekara arba'in kana gyara wa mutane rediyo, ban taɓa ganin ka kori tsoho don rediyonsa ya tsufa ba. Lokacin da jin matarka, Yaya Kaltume, ya yi rauni, 'yarku Nafisat ta sayo mata lasifikar kunne ta zamani. Ta ce sautin yana soka mata kunne. Sai ka yi mata alkawarin haɗa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da kwalaben cikin tsohon rediyo, masu ja kamar garwashi, kafin azumi, don ta ji tafsiri.

Sau uku kana yi mini bayani, ni ma'aikacin ofis. Ka ce kwalba tana tura wuta da ƙarfi amma kaɗan kaɗan, ita kuwa wannan lasifika mai ma'aunin om talatin da biyu wuta mai yawa take so, don haka sai an naɗa ƙaramar taransifoma a tsakaninsu. Na gyaɗa kai kawai, ka yi dariya ka ce, "Bashir, ba ka gane komai ba."

Ba ka rubuta lissafi a takarda. Da carbi kake ƙirga naɗin waya, ƙwaya ɗaya zagaye goma, in ka tashi ka rataye shi a ƙusa daidai inda ka tsaya. Na san haka sarai. Amma ranar zaman makoki na shiga shagonka, idona ya rufe, na ciro carbin na fita da shi. Sai da na yi kwana uku ina jansa na tuna, lissafin naɗin kuwa ya riga ya ɓace.

Yanzu taransifomar tana nan rabi da rabi. Wani mai gyara a Kawo ya ce a warware naɗin a sake, wani ya ce wayar siririya ce, za ta tsinke. Ina zuwa in tsaya ina kallon ƙusar, ban san me nake jira ba.

Jiya Yaya Kaltume ta tambaye ni ko ka gama aikin. Na ɗaga murya don ta ji, na faɗa mata abin da na yi. Sai ta ce, "Me ka ja da shi?"

Na ce, "Istigfari na yi masa."

Ta ce, "To ka riƙe shi. In azumi ya zo, ka zo ka zauna kusa da kunnena ka riƙa maimaita mini tafsirin."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Yaya Kaltume da Nafisat da sauran dangi haƙurin rashinka. Amin.